Hattara da mai tallar kujerar Le Corbusier a Facebook

Jama'a, musamman 'yan uwa mazauna Faransa masu sha'awar tsofaffin kayan ɗaki, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar doguwar kujerar kishingiɗa a Facebook, yana cewa ta asali ce, tun 1929, wai gado ya ci daga kakarsa. Ni ya damfare ni Yuro 400 na kafin alƙalami, kuma har yau tallar tana nan, sunan shafin kawai ya sauya.

Wanda bai san kujerar ba, ita ce ake kira LC4. Ƙafafunta baƙin ƙarfe ne, a kansu an ɗora wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe mai sheƙi, an shimfiɗa masa fata, ga ɗan matashin kai mulmulalle. Ba ta da maɓalli ko kusa mai riƙe ta. Kai za ka zame ta gaba ko baya har ƙafafunka su ɗara kanka tsawo, nauyin jikinka ya tsayar da ita. Mutum uku suka zana ta a Paris a 1928: Le Corbusier, shahararren mai zanen gine-gine, da ɗan uwansa Pierre Jeanneret, da Charlotte Perriand, wadda ta shiga ofishinsu a 1927 tana da shekara 24. A 1929 suka nuna ta a baje kolin Salon d'Automne. Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake yawan shafe sunan Perriand, alhali hannunta na cikin aikin dumu-dumu. Shi ma wannan mutumin, da na ambace ta, cewa ya yi bai taɓa jin sunanta ba. Tun daga nan ya kamata in farga, amma son abin ya rufe min ido.

Ranar ɗauko kaya na tafi da abokina da ya karanci zanen gine-gine. Mutumin ya fito da ita daga gareji. Abokina ya durƙusa, ya kifa ta, ya shafa mahaɗar ƙarfen da yatsa: walda ce ƙudu-ƙudu kamar ta ƙofar shago. Ya sunsuna fatar, warin roba. Sai ya nuna min tambarin kamfanin Cassina da ke jikinta, ya sa farce ya kankare shi, ashe takarda ce aka manna.

A nan ƙaryar ta tonu gaba ɗaya. Kamfanin Cassina na Italiya bai fara ƙera wannan kujera ba sai 1965, shekarar da Le Corbusier ya rasu. Waɗanda aka yi da farko, kamfanin Thonet ne ya yi su, da lambar B306. To ta yaya kujerar 1929 za ta ɗauki tambarin Cassina? Ita ta Cassina ta gaskiya, a jikin ƙarfen ake buga tambari da sa hannu da lambarta, ba a manna su. Sabuwa ma dubban Yuro ce, shi kuwa Yuro 1,200 ya sa mata.

Na ce ya mayar min da kuɗina, ya ce gobe. Da dare ya toshe ni. Na kai ƙara wajen 'yan sanda da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi.

Don Allah kada ku tura ko sisi kafin ku ga kaya da idonku. Ku nemi hoton lambar da ke jikin ƙarfen, ku tuntuɓi dillalin Cassina ya tabbatar muku. Duk wanda ya ga tallar, mai hoton kujera da fatar saniya baƙa da fari a gaban ƙofar gareji kore, ya kai rahotonta, ya kuma turo min saƙo in haɗa da ƙarar da na shigar.