Golf GTI mai difaransiyal mai hana santsi: sharhina bayan na tuƙa ta a Maradi

Duk wanda zai sa dillali ya kawo masa Golf GTI zubi na bakwai daga Kwatano, wato wadda Volkswagen ta fara fitarwa a 2013, zai tarar da iri biyu da ido ba ya saurin bambance su. Akwai gama-gari mai ƙarfin doki 220, akwai kuma wadda aka yi wa ƙarin da kamfanin ke kira Performance, mai ƙarfin doki 230 da faifan birkin gaba mai faɗin milimita 340. Na ɗauki ta biyun, ba don dokin nan goma ba, domin su ba na jin su a ƙafata ko kaɗan. Abin da na biya wa kuɗi shi ne difaransiyal mai hana santsi, wanda ake kira VAQ; difaransiyal shi ne na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyun da ke jan mota.

Motar nan tayoyin gaba ne ke janta, kuma difaransiyal na yau da kullum yakan bar ƙarfin inji ya zurare ta tayar da ba ta da riƙo. Idan aka shiga kwana da gudu, nauyin mota yakan koma tayar waje, ta ciki ta yi sakayau ta riƙa juyawa a banza, hancin mota kuma ya nemi ficewa daga hanya. Gama-garin GTI tana magance wannan da tsarin XDS, wanda ke ɗan taka wa tayar cikin birki, amma wannan danne matsala ne kawai, kuma birki ne ke shan wahalar. VAQ kuwa tarin faifan kuloci ne da kwamfutar mota ke matsewa da ƙarfin mai, sai ya tura ƙarfin zuwa tayar da ta kama ƙasa. A kan hanyar Ɗan Isa, inda iska ke shimfiɗa rairayi a kan kwalta, da kuma lokacin ruwan watan Agusta, na ji bambancin sarai: ina ƙara wuta a tsakiyar kwana, motar na ƙara shigewa ciki maimakon ta buɗe, sitiyari kuma ba ya fizgar hannu.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa wannan zai fitar da shi daga yashin bakin Gulbi. GTI ta fi Golf ta gida kusanci da ƙasa da milimita 15, kuma idan cikinta ya zauna a kan rairayi babu difaransiyal ɗin da zai ɗaga ta.

A sauran zaɓuɓɓukan, wanda na fi tsayawa a kansa shi ne girman ƙafa. Dillalai suna son tallata inci 19 saboda kyan gani, alhali tayarsa 225/35 ce, gefenta bai kai milimita 80 ba, yayin da inci 18 ke ɗaukar 225/40 mai milimita 90. Wannan ɗan ƙarin roba shi ne ke tsakanin ƙarfen ƙafa da bakin rami, shi ya sa na nace a kan inci 18. Tsarin DCC, wanda ke sassauta ko tsaurara shokazoba da maɓalli ɗaya, yana da daɗi ƙwarai a doguwar tafiya zuwa Damagaram, amma mai saye ya tambayi kuɗin canza su tun kafin ya biya. Rufin gilashi kuwa na ƙi shi, domin a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 nauyi ne kawai yake ƙara wa na'urar sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne kulawa. VAQ yana da nasa mai daban da na giya, ana canza shi duk shekara uku, kamar yadda giyar DSG, wato giya mai canza kanta, mai hawa shida ke buƙatar sabon mai a kowace kilomita 60,000. A wani gareji da na fara zuwa an ce mini babu wani mai a wurin, sai da na sami bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota aka yi aikin daidai. Haka nan, kafin a biya, jan rubutun GTI a bayan mota da tambarin da ke jikin birkin gaba alamun Performance ne kawai da kowa zai iya liƙawa; a ɗaga motar a ga na'urar VAQ da ido a jikin giya, inda sandar tayar dama ke fita.