Loko ko malaina don sassaƙar gicciye da fuskar bagade?

Ɗan'uwa, loko za ku saya, kada kwamitin ginin coci ya ɓata lokaci.

Loko katako ne da ke saka wa masassaƙi da alheri. Sabon yanka launinsa rawaya-rawaya ne, yana shan iska da haske sai ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ko fenti ba ya buƙata. Yana riƙe ƙananan zane, gefen ganyen inabi ko lanƙwasar riga ba sa ɓarewa, gara kuma ba ta cika kusantar zuciyarsa ba. Shi masassaƙan Yarabawa suka daɗe suna yin ƙofofi da ginshiƙai da shi. Aibinsa biyu ne: wani lokaci akwai dunƙulen farin dutse a cikinsa da ke dakushe bakin ƙarfe nan take, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi, don haka a rufe hanci.

Malaina tana da araha da sauƙin sassaƙa, amma tana jinkirin bushewa, kuma ba ta jure gara kamar loko.

Abin da ya fi kashe babban aiki shi ne danshi. Kada a sassaƙa daga gungume ɗaya mai cibiya a tsakiya, da hunturu ya buso zai tsage daga sama har ƙasa. A haɗa alluna masu kaurin inci 2 da faɗin inci 6 zuwa 8, ana juya fuskar kowane allo don kada su lanƙwashe gefe guda. Idan busarwar iska ce, a lissafa kusan shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, danshin ya sauko kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Loko na da maiƙo, sai a goge bakin allon da tina, wato ruwan tsinka fenti, kafin a sa gam. A shafa mai ko fanish gaba da baya, a bar 'yar tazara tsakanin aikin da bango. Ku kuma lura da nauyi: allo mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 5 zai kai kilo 65, ƙusa ba za ta riƙe shi ba, sai ƙarfen rataya da aka dasa cikin bangon.

Ku yi hattara a kasuwar katako. Wasu kan rina wani icce su ce loko ne, wasu su cusa farin katakon gefen icce wanda ƙwari ke cinyewa. Ku je da masassaƙinku, ya sa a kankare fuskar allon a gabanku, ya gwada danshin da na'ura kafin ku biya ko kwabo.