Ƙaramar tarakta a dusar ƙanƙara: da sarƙa ko babu sarƙa?

Ɗan'uwa, barka da sabon gida, Allah Ya sa albarka. Ka ce ka sayi ƙaramar tarakta Kubota BX2380 mai jan ƙafa huɗu, tayoyinta samfurin R4 na aikin gini, da injin watsa dusar ƙanƙara na gaba, gidan kuma yana bayan garin Duluth a jihar Minnesota ta Amurka, kana son sanin ko dole ne ka ɗaura wa tayoyin sarƙa. Yawan dusar da ke zuba ba shi zai yanke maka hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko hanyar gidanka tana da gangara, da kuma ko ruwa yana daskarewa a kanta.

Mu fara da tarakta babu sarƙa. Mutane da yawa suna cinye hunturu a haka lafiya lau, kuma akwai dalili. Injin watsawa ba ya ture dusa kamar faifan tura ƙasa, yankarta yake yi ya cilla ta gefe, saboda haka tarakta ba ta kokawa da tulin da ke ƙara nauyi a gabanta. Bugu da ƙari, tayoyin suna taka wurin da injin ya riga ya share. In hanyar a baje take, kwalta ce ko siminti, ƙafa huɗun nan sun ishe ka. Ribar kuwa a fili take: ba za ka kankare kwaltarka ba, daɓen garejinka zai zauna lafiya, kuma tuƙin babu jijjiga.

Amma da sharaɗin nauyi. Taraktarka ba ta kai kilo 700 ba, kuma da zarar ka ɗaga injin gaba, bayanta ya yi sakayau. Kafin ka kashe ko dala ɗaya a kan sarƙa, rataya akwatin nauyi a baya, ko ka sa a ɗura wa tayoyin baya ruwan da ba ya daskarewa. A can yankin ana amfani da Rim Guard, wanda ake yi da ruwan shukar da ake tatsar sukari daga saiwarta, ba ya cin ƙarfe. Ruwan gishirin da aka saba da shi a da yana da nauyi sosai, sai dai yana sa wili tsatsa. Taraktoci da yawa da ake cewa suna bukatar sarƙa, nauyi kawai suka rasa.

To, da sarƙa fa? Nan ne maganar Duluth ta shigo. Garin a jikin tudu yake, yana kallon tafkin Superior, dusar da ke zuba a shekara takan wuce inci 80. Injin watsawa ba ya kwashe ta kakaf, yakan bar 'yar kaɗan a ƙasa, musamman a hanyar tsakuwa inda dole ka ɗan ɗaga bakinsa don kada ya riƙa cilla duwatsu. Wannan ragowar mota ta taka ta, rana ta narkar da samanta, dare ya daskarar da ita, a watan Fabrairu ta koma kamar gilashi. A kan wannan, roba kusan ba ta da abin kamawa, ko da tayoyi huɗu ne ke juyawa. Tayar R4 ma tana cikin mafi rauni a nan, domin haƙoranta masu faɗi ne, robarta mai tauri, an yi ta ne don aikin gini da ɗaukar kaya. Tayar ciyawa, R3, wadda ake rainawa, ta fi ta riƙe ƙanƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne saukowa. Kasa hawa tudu ɓata lokaci ne kawai. Amma tarakta ta fara sulɓewa a gangara, ta juya gefe, tayarta ta faɗa kwata, to kifewa ce ke biyo baya, kuma kifewar tarakta tana kashe mutane. Birkin waɗannan ƙananan taraktoci a ƙafafun baya yake, sai kana cikin giyar ƙafa huɗu ne yake kama na gaba. Don haka kada ka fita daga giyar nan a gangara, ka bar ƙarfen kariya na saman kai a miƙe, ka ɗaura bel.

Sarƙar ma iri-iri ce. Mai siffar tsani, in tazararta ta yi yawa, faɗawa take yi tsakanin haƙoran R4 ta ɓace, ka biya kuɗi a banza. Nemi wadda layukanta suke kusa da juna, ko mai saƙar raga wadda ke zama a saman haƙoran, ita ce kuma ke hana zamewa gefe. Mai ƙusoshi ta fi kowacce cizon ƙanƙara, amma za ta zane maka kwalta, ta hanyar tsakuwa ce. Akwai ta roba, irin TerraGrips, mai tausaya wa siminti, sai dai ba ta kai ƙarfe ba a kan ƙanƙara tsantsa.

A ganina, in hanyarka tana da gangarar da har ƙafarka takan zame in kana tafiya a kanta da hunturu, sayi sarƙa tun kafin Nuwamba, ta tayoyin baya kawai. Ta gaba kada ka taɓa sai ka karanta littafin taraktar, domin tana iya gogar sandunan sitiyari, tana kuma wahalar da gatarin gaba, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba. Duba lambar da ke jikin taya kafin ka yi oda, sannan ka zura hannu tsakanin taya da jikin tarakta ta ciki. A kan BX wurin matsattse ne, sau da yawa sai an sa ƙarfen da ke tura wili waje kaɗan. Ka ɗaura ta a cikin gareji da rana, ka yi tafiya kaɗan, ka sauko ka ƙara ɗaure ta, domin sabuwar sarƙa takan saki bayan juyin farko.