RAW zuwa JPEG: manhajar kamfanin kyamara ko shafin intanet?

Ɗan'uwa, ka tambaya da me za ka juya hotunan RAW zuwa JPEG. Tsakanin shafukan intanet masu juya hoto da manhajar kamfanin kyamararka, ɗauki ta kamfanin. Idan Canon ce a hannunka, nemi Digital Photo Professional, ita ke buɗe fayilolin CR2 da CR3, wato nau'o'in RAW na Canon. Ta Nikon sunanta NX Studio, ta Sony kuma Imaging Edge. Dukkansu kyauta ne a shafin kamfanin.

RAW ba gamammen hoto ba ne, abin da idon kyamara ya kwaso ne ba a taɓa shi ba. Kyamarori da yawa suna adana shi a bit 14, wato matakan haske 16,384, shi kuwa JPEG bit 8 ne, matakai 256 kacal ga kowane launi. A wajen juyawar ake zaɓar abin da za a riƙe da wanda za a zubar, kuma abin da aka zubar ya tafi ke nan. Shi ya sa nake so zaɓin ya kasance a hannunka, kana kallon hoton.

Ni Canon nake riƙe da ita. Akwai hoton mahaifiyata da na ɗauka tana zaune ta ba taga baya. A allon kyamara fuskarta baƙi ƙirin, tagar kuma fari fat. Da na buɗe shi a kwamfuta, na riƙa haskaka inuwar kaɗan-kaɗan ina rage hasken tagar, sai ga fuskar ta fito sarai, har da ƴan layukan gefen idonta na murmushi. Mayafinta da ya koma ruwan toka, ina daidaita launi ya dawo shuɗinsa. Da JPEG na ɗauka tun farko, ja ɗaya zan yi wa inuwar nan ta cika da dabbare-dabbare. Wani daɗin kuma, manhajar kamfani ta san saitin launin da ka zaɓa a cikin kyamara, don haka abin da ka gani a allonta shi za ka tarar. In ka gyara ɗaya, sai ka kwafa gyaran a kan saura, ka juya su gaba ɗaya.

Shafukan intanet fa? Suna juyawa, ba musu, in hoto ɗaya ne kuma kana sauri. Amma kowane fayil na kyamara mai megafiksel 24 yakan haura MB 20, za ka ɗora shi a kwamfutar wanda ba ka sani ba, ya yi yadda ya ga dama da haskensa. Wata manhajar kuɗi da na taɓa saya ma, ashe JPEG ɗin da kyamara ke cusawa cikin RAW don leƙawa kawai take zarowa.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu tallar Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, wai "na har abada". Adobe kuɗin wata ko na shekara suke karɓa. Na ƙarshe da aka sayar saye ɗaya shi ne Lightroom 6 na 2015, wanda bai ma san CR3 ba, tunda a 2018 CR3 ya fito. Abin da masu tallar nan suke miƙa maka na sata ne, sau da yawa kuma da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki. Idan kana son abin da ya fi na kamfani zurfi ba tare da biya ba, ga darktable ga RawTherapee, sai dai suna son haƙurin koyo.

Wajen fitarwa, zaɓi tsarin launi na sRGB don kada launi ya kwanta a waya, ka sa inganci kusa da ƙololuwa, kamar 9 cikin 10. Kada ka goge RAW bayan ka gama. Duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adana shi, ingancinsa raguwa yake yi, saboda haka in wani gyaran ya taso, koma kan RAW ka fitar da sabo.