Tamostat ko kwali: wanne ya dace da injin da ke ƙin ɗumi?

Tun da hunturu ya shigo Maradi, masu motoci ke ta tambayata abu ɗaya. An cire musu tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, lokacin bazara, wasu har an saka musu lagireto babba, yanzu da safe allurar zafi ba ta tashi. A maida tamostat ne ko a rufe gaban lagireto da kwali?

Wajen kuɗi kwali ya yi gaba, kyauta ne, yaron gareji ma zai ɗaura shi. Amma kwali ba ya da ido. Sanyin Disamba da Janairu na safe ne; kafin azahar rana ta buɗe, kai kuma kana kan hanyar Damagaram da kaya. In ka manta ba ka cire shi ba, ruwa ya tafasa, gasket ɗin da ke like kan inji ya ƙone.

Tamostat kuwa yana tsare ruwa cikin inji har ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, sannan ya buɗe da kansa. Inji mai sanyi yana shan mai fiye da ƙima, baƙin mai yana gurɓata da wuri, ƙarfe na cin ƙarfe. Sai dai ka nemi na ainihi, mai lambar motarka, don jabu kan maƙale a rufe, kuma wannan ya fi cirewar muni.

Mai zirga-zirgar asuba cikin gari, wanda idonsa ke kan allura, kwali zai riƙe shi kafin ya samu kuɗi. Direban doguwar hanya, da mai motar da ke aiki da kwamfuta, su koma gareji a maida tamostat.