Manhajar African Storybook a ajina na Jimeta

Shekara 11 ke nan ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamaren gwamnati a Jimeta. Bana yara 74 ne a rajistata. Ranar da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wane yare ake yi a gida, bakwai na ƙirga: Fulatanci, Hausa, Bacama, Margi, Kilba, Camba da Higi, wanda masu shi suka fi so a ce Kamwe. Duk wanda ya san Adamawa ba zai yi mamaki ba. Tun 2014, da Boko Haram ta shiga Madagali da Michika da Mubi, mutanen can suka kwararo Yola. Da yawa sun koma gida, wasu kuwa nan suka yada zango, 'ya'yansu ne yau a gabana kan benci.

A Hausa muke haɗuwa, a kasuwa da layi da filin wasa. Amma Hausar sayen ƙosai daban, Hausar da yaro zai saki jiki ya ba ka labari da ita daban. A 2022 da gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa na yi murna ƙwarai, sai kuma na dubi ajina na ce, to harshen uwar wa? Abin da ke kabad ɗinmu littattafan Turanci ne, sai 'yan na Hausa da suka sha hannu har bangonsu ya fita.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min African Storybook a wayarta. Wata cibiyar ilimi mai suna Saide da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu ce ta buɗe shi a 2014. Rumbu ne na ƙananan littattafan labarai masu hotuna, da harsunan Afirka barjat, kuma kyauta. An jera su mataki-mataki daga 1 zuwa 5: na farko 'yan kalmomi ne a ƙarƙashin hoto, na biyar kuwa dogon labari ne da babba zai karanta wa yara. Kana iya shiga shafinsu na intanet, ko ka sauke manhajar karatun a waya, ka ajiye labaran da kake so ka buɗe su ko babu data. Amma abin da ya kama ni shi ne izinin da suka bayar. Labaran suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato an yarda ka buga, ka fassara, ka sauya yadda ya dace da yaranka, muddin ka bar sunan marubuci da mai zane.

Akwai wani yaro a bencin baya, ɗan wata mai tallar nono. Zango guda cur ban ji muryarsa ba sai “na'am” lokacin kiran suna. Har na rubuta a littafina cewa yana da jinkirin fahimta, kuma har yau wannan rubutun yana damuna. Wata Talata na buɗe wani labari na Fulatanci na fara karantawa da 'yar Fulatancin da na tsinta a kasuwa. Na zo kan kalmar akuya, mbeewa, sai harshena na Bahaushiya ya saka wasali a tsakani, na ce “mabewa”. Daga can baya na ji an ce, “Malama, ba haka ba ne.” Na ɗaga kai, shi ne. Na kira shi gaba, ya faɗa sau uku ina bin sa, aji duka suna bi. Da muka kai ƙarshen shafi bai koma ba, ya tsaya yana nuna hoto yana gaya mana nagge, kosam, ndiyam, 'yan uwansa na mayar masa da saniya, nono, ruwa. Shi ne kuma ya fara lura cewa a Fulatanci ana rubuta e biyu idan an ja sauti, mu a Hausa ba ma yi. Yaron da na ce ba ya ganewa ke nan.

Ina karatun Fulatanci, sai 'yan Michika suka ce saura nasu. Ni kuwa ko gaisuwa ban iya da Kamwe ba. Sai na aika a kira min mahaifiyar ɗaya daga cikinsu, tela ce, a coci ta koyi karanta yarenta. Ranar Asabar muka zauna ƙarƙashin dalbejiyar makaranta da labarin mataki na 2 da na buga, ina karanta Hausar, tana rubuta nata da fensir a ƙarƙashin kowane hoto. Wani wurin takan tsaya, ta goge, ta ce kakarta ba haka za ta faɗa ba. Da muka gama ta riƙe takardun ta ce, “Malama, wai da gaske a cikin aji za a karanta wannan?” Na ce, “Mama, ke ma za ki karanta musu.” Ta zo ranar Litinin da sabon ɗankwali. 'Yarta ce ta riƙa buɗe mata shafi. Haka muka yi daga baya da wani dattijon Numan a kan Bacama, shi kam sai da ya ƙara mana waƙa a ƙarshe.

Wahalar da ake sha ba a manhajar take ba, a wajenmu take. Waya ɗaya ba ta isar yara 74, na baya ba sa ganin komai, don haka dole a buga. Nakan sauke labarin, in kai shagon kwamfuta a buga gaba da baya, in naɗe takardun biyu in danna musu sitefila. Daga aljihuna kuɗin ke fita, shi ya sa baƙi da fari nake bugawa, yaran su shafa kala da kansu. Ashe ma sun fi ƙaunar littafin da suka shafa. Ku kuma kula da haruffa masu lanƙwasa idan za a sake buga fassararku. Wani shago ya mayar min da kowace ɓ da ɗ da ƴ akwatin banza, kwafi 20 suka tafi a haka. Yanzu sai na ga shafin farko da idona kafin a ci gaba.

Wasu labaran daga Kenya ko Uganda suka fito, da sunaye da abincin can. Wani lokaci nakan bar su haka, don yara su ga yadda wasu ke rayuwa. Wani lokaci in sauya suna da tuwo su zama namu. Akwai kuma manhaja ta biyu ta ƙirƙirar labari, wadda ke karɓar hoton da ka ɗauka da waya. Da ita muka haɗa namu na kanmu a kan masunta a bakin Binuwai, shafi 8, kowane shafi da yaren wani, Hausa a ƙasa.

Ga malamin da zai gwada, ya fara da mataki na 1 ko na 2, ya karanta labarin shi kaɗai a gida tukuna, sannan ya nemi uwa ko kaka guda daga kowane yare kafin ya nemi kuɗin bugu. Zango mai zuwa Kilba da Margi ne a gabanmu, kuma wata kaka daga Hong ta riga ta aiko cewa a ajiye mata Asabar ta farko.