Rhino 8 da aikin murɗaɗɗen zobe: inda ta yi kyau da inda take barin mutum shi kaɗai

Zoben da aka yi wa tufka kamar igiya yana da sauƙin kallo, amma shi ne yake saurin tona asirin manhajar zane. Sili biyu ne ko uku suke nannaɗe juna, kuma dole bakinsu ya haɗu ba tare da an ga tabo ba. Da wannan aikin ya dace a auna Rhino 8, manhajar kamfanin Robert McNeel & Associates da ta fito a 2023, wadda masu zanen kayan ado da yawa suke dogara da ita.

Hanyar da sabon hannu yake fara bi ita ce ya zana miƙaƙƙun wayoyi biyu, ya murɗe su da umarnin Twist, sannan ya lanƙwasa su kan da'ira da Flow. Tana aiki, amma tana da aibu. Twist ba ya murɗa waya yadda maƙeri yake yi da hannu, goce ta kawai yake yi, shi ya sa idan murɗin ya yi yawa wayar take shafcewa ta rasa kaurinta. Ga kuma Flow: idan tsawon miƙaƙƙen layin bai yi daidai da kewayen da'irar ba, kuma ba a kunna zaɓin Stretch mai miƙe shi ya yi daidai ba, ko dai a sami giɓi ko bakin ya hau kan ɗan'uwansa.

Inda Rhino ta nuna ƙarfinta shi ne umarnin Helix da zaɓinsa na AroundCurve, wanda yake nannaɗe layi kai tsaye a jikin da'ira. A ɗauki zobe mai lamba 7 a ma'aunin Amurka, wato faɗin raminsa milimita 17.3. Idan ana son kaurin tufkar ya zama 2.4, da'irar da za a nannaɗe ita ce ta tsakiyar ƙarfen, mai faɗin 19.7, kewayenta kusan 61.9. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su yi aiki da da'irar ciki, zoben ya fito ya matse yatsa. Sai a ba Helix tazarar 0.55 daga tsakiya da zagaye 8 cif. Cikakken adadi ya zama dole, domin da zagaye 8.3 ƙarshen layin ba zai taɓa komawa mafarinsa ba. Bayan an tabbatar layin a rufe yake, Pipe zai mai da shi waya mai kaurin 1.3, zagayayya tun daga farko har ƙarshe. Sili na biyu ba sai an sake zana shi ba, kwafin na farko za a juya da digiri 22.5 a kan tsakiyar zoben, wato rabin taki ɗaya, ya faɗa gurbinsa daidai.

A lura da lissafin: wayoyi masu kaurin 1.3, tsakiyarsu na nesa da juna da 1.1, sun shige cikin juna ke nan da 0.2. Da gangan aka yi haka. Idan suka tsaya a shafar juna kawai, umarnin BooleanUnion mai haɗa siffofi su zama ɗaya yakan ƙi haɗa su, kuma ko ya haɗa, tsagar da ke tsakaninsu za ta yi siriri kamar bakin reza. Wajen zubi, filastar mazubin da ta cika wannan tsagar ba ta da ƙwari, narkakken ƙarfe yana shigowa sai ya ɓalle ta, ɓarɓashin ya bar ramuka a jikin zoben. Babban abin da nake zargin Rhino da shi ke nan: ba za ta ce uffan ba. A allo komai yana sheƙi, sai an fasa mazubi a ga ɓarna. Manhajar ta san lissafin siffa sosai, amma ba ruwanta da halin ƙarfe, don haka sanin cewa bai kamata a sauka ƙasa da kaurin 0.8 ba, ko cewa gugar ƙarshe za ta ci wani abu daga kowace fuska, yana wuyan mai zanen.

Sabon abin da ya sa Rhino 8 ta fi ta 7 a wannan aikin shi ne ShrinkWrap. Yana lulluɓe silin duka da raga ɗaya rufaffiya, wadda firintar 3D za ta karɓa a matsayin fayil ɗin STL, ko da haɗin ya gagara. Yana rage wahala ƙwarai. Sai dai idan aka bar idon ragar da girma, yakan cike kwarin tufkar, zoben ya fito kamar wanda ya shekara goma a hannu. A rage idon har kwarin ya fito fes, a haƙura da nauyin fayil ɗin.

Cikin zoben ma yana son kulawa, domin tufka tana da tudu da kwari, kuma ba kowa ne yake jure ta a fata ba. Ana iya yanke cikin da silinda mai faɗin 17.3, amma sai an ɗan rage da'irar tsakiya tun farko, in ba haka ba silindar ba za ta sami abin yankewa ba. Kafin a tura fayil, ShowEdges zai nuna ko akwai gefen da bai rufe ba, Volume kuma zai ba da kusan milimita kubik 170 ga wannan misalin. A ninka da nauyin ƙarfe: azurfa 925 za ta kai kusan giram 1.75, zinariya karat 18 kuma kusan 2.6.

Sauran gazawar a bayyane take. Babu ma'ajiyar siffofin duwatsun ado, babu jadawalin lambar zobe, kuma canza lamba daga 7 zuwa 9 yana nufin sake lissafin da'ira da adadin zagaye. Grasshopper, kayan gina zane ta hanyar jona umarnai da juna, da yake zuwa tare da manhajar tun Rhino 6, yana magance wannan, domin idan aka gina tsarin sau ɗaya, jan ma'auni kawai za a riƙa yi, amma koyonsa aiki ne na daban. Wanda yawancin aikinsa jera duwatsu ne zai fi samun sauƙi da MatrixGold, manhajar zanen kayan ado wadda aka ɗora a kan Rhino ɗin kanta, kodayake a Windows kaɗai take aiki.

Ga mai yin tufka, saƙa da zobba marasa dutse, Rhino 8 ita kaɗai ta wadatar, kuma lasisinta na dindindin ne, ba na biyan wata-wata ba. Akwai gwajin kwana 90 da cikakken aiki. Ya isa mutum ya zana wannan zoben sau biyu, ɗaya da Twist ɗaya da Helix, ya buga su duka, ya auna kaurin wayar kowanne kafin ya yanke shawarar saye.